Metre ko meter: an bar jaki ana dukan taiki

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa gidan ƙanwata, na tarar da 'yarta a zaune bakin ƙofar ɗaki, littafin Fiziks a kan cinya, fuska a murtuke. Ajinta ɗaya a babbar sakandare. Ban ma gama gaisawa da uwarta ba ta miƙo mini littafin.

"Kawu, don Allah duba mini nan. Wai ni me na yi?"

Tambayar mai sauƙi ce. Mota ta yi tafiyar mita 150 cikin daƙiƙa 10, a nemo saurinta. Yarinya ta raba, ta samu 15, ta bi matakan lissafin tiryan-tiryan. Amma a wuri huɗu malam ya zagaye kalma guda da jan biro. Ta rubuta *meters*, shi kuma *metres* yake so. Ya cire mata maki biyu cikin goma.

Da abin ya tsaya nan, da na ba ta haƙuri na wuce. Sai idona ya sauka a ƙasan shafin, inda malam ya sake rubuta mata amsar da hannunsa, da manyan baƙaƙe: 15 M/S.

Nan raina ya ɓaci. Abin da yarinyar ta rubuta ba kuskure ba ne. Abin da malam ya rubuta shi ne kuskure, kuma a ajin kimiyya shi ne irin kuskuren da ya kamata a yi wa tsawa. A ƙa'idar awo ta duniya ƙaramin *m* shi ne mita, babban *M* yana nufin miliyan. Ƙaramin *s* shi ne daƙiƙa, babban *S* kuwa alamar wani awo ce daban a fannin lantarki. Duk wanda ya san ƙa'ida, in ya ga M/S, ba saurin mota zai gani ba.

Ra'ayina ke nan tun daga farko: *metre* da *meter*, *litre* da *liter*, duk Turanci ne karɓaɓɓe. Ɗaya na Ingila ne da ƙasashen da suka bi ta, ɗaya na Amurka. Abin da za a nema wurin ɗalibi ko ɗan jarida ko akawu shi ne ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai daga farkon takarda zuwa ƙarshenta. Jan biron da ake ɓarnatarwa a kan wane harafi zai riga wani, a adana shi don inda rubutu yake sauya yawan abu.

Ina aka samo saɓanin?

Kalmar ba ta Ingila ba ce, ba ta Amurka ba ce. Faransawa ne suka ƙirƙiro wannan tsarin awo bayan juyin juya halinsu, suka kafa shi da doka a 1795, suka ɗauko sunan daga kalmar Girkanci *metron*, wato awo. Su suna rubuta *mètre*, *litre*, *gramme*. Turawan Ingila suka ari kalmomin da kayan jikinsu, 'yar hular da ke kan harafin kawai suka cire.

A Amurka kuma aka samu wani malami mai suna Noah Webster, wanda ya fitar da babban ƙamusinsa a 1828. Mutumin yana ganin rubutu ya kamata ya matso kusa da yadda baki ke furtawa, kuma sabuwar ƙasa ta cancanci ta tsaya da ƙafarta har a wajen rubutu. Shi ya ba *center* da *theater* da *color* gindin zama a makarantun ƙasarsa. *Meter* da *liter* wannan layin suka bi.

Shi ke nan tarihin. Babu wani gwaji da aka yi a ɗakin binciken kimiyya da ya nuna R ce ta cancanci ta zo gaba. Tsawon mita a Landan da Niyok ɗaya ne: tun 1983 an ayyana shi a matsayin nisan da haske ke ci cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Haske bai san ƙamus ba.

"Ai mu Turancin Ingila muke bi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ban raina ta ba. Gaskiya ne, makarantunmu da takardun gwamnati a Najeriya da Gana a kan tsarin Ingila aka gina su. Ni kaina in zan rubuta wa ofishin gwamnati wasiƙa, *metre* nake rubutawa. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

Amma bin al'adar gida daban, kiran ta maƙwabci kuskure daban. Sannan mu tambayi kanmu, yaran yanzu ina suke tsintar Turancinsu? Wayar da ke hannunsu da Turancin Amurka ta zo. Bidiyon darasin da suke kallo a YouTube da yawa daga can yake. Manhajar rubutu ta kwamfuta, in ba ka shiga ka sauya mata harshe ba, da zarar ka buga *metre* sai ta ja maka jan layi a ƙasa. Wato kwamfuta ta ce wa yaro ya yi kuskure da safe, malam ya ce masa ya yi kuskure da rana, kuma kowanne akasin ɗayan yake nufi. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne yaron da ya fi son karatu, don shi ne yake fita neman ilimi a wajen aji.

Jarrabawar IELTS, wadda Turawan Ingila da Ostireliya ke shiryawa ga masu son fita karatu ko aiki, tana karɓar rubutun Ingila, tana karɓar na Amurka. Masu harshen sun yarda. Mu ne muka zaƙe, muka fi mai kora shafawa.

Wani abin dariya, su Ingilawan ma ba su riƙe ƙa'idar tasu gam ba. *December* daga *décembre* ta fito, *member* daga *membre*, *letter* daga *lettre*, *number* daga *nombre*. Duk sun juya haruffan tun da daɗewa, babu wanda ya ce uffan. A cikin littafin lissafin da malam yake koyarwa da shi akwai *diameter* da *perimeter*, tushensu ɗaya da mita, kuma da E kafin R ake rubuta su a Landan. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar za ta rubuta *perimeter* a farkon layi, ta ƙare shi da *metres*, in hannunta ya zame a cire mata maki. Hatta *gram* da *gramme*, dokar awo ta Birtaniya ta 1985 cewa ta yi kowanne aka rubuta ya yi.

"Hukumar awo ta duniya metre take rubutawa"

Wannan ma gaskiya ne. A ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a wata yarjejeniya a Paris, aka kafa ofishin awo da ma'auni na duniya, wanda ake taƙaita sunansa da BIPM, mazauninsa a garin Sèvres kusa da birnin. A 1960 aka fito da tsarin da ake kira SI, wanda duniya ke bi yau. Kundin tsarin da Faransanci yake, akwai kuma na Turanci, kuma a cikin na Turancin *metre*, *litre*, *deca* da *tonne* aka rubuta.

To amma Amurka tana cikin ƙasashen nan 17 na farko. Cibiyar ma'auninta ta ƙasa, NIST, tana buga wannan kundin da rubutun gidansu: *meter*, *liter*, *deka*, *metric ton*. An daɗe ana haka, ba a kori kowa daga yarjejeniya ba.

Dalili kuwa, abin da aka ɗaure ƙasashe da shi alamomi ne. Sunaye an bar wa kowane harshe ya yi yadda bakinsa zai iya. Bajamushe yana rubuta *Meter* da *Liter*. Ɗan Sifaniya da ɗan Italiya suna cewa *metro* da *litro*. Mu muna cewa mita da lita, babu wanda ya taɓa aiko mana da takardar gargaɗi daga Faransa. Amma injiniyan Jamus da na Japan da na Zariya, in suka zo zana gada, dukansu *m* za su rubuta, dukansu *kg* za su rubuta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi a wajen suna, a wajen alama kuwa murya ɗaya ce.

"Rubutun Ingila yana raba awo da na'ura"

Wannan hujjar ce na fi jin nauyinta. A Turancin Ingila *metre* awon tsawo ne, *meter* kuma na'urar da ke ƙidaya, kamar ta wutar lantarki ko ta ruwan famfo. Haka *micrometre*, kashi ɗaya cikin miliyan na mita, ya bambanta da *micrometer*, ƙarfen da makanike ke auna kaurin abu da shi. Ba'amurke duka iri ɗaya yake rubuta su. Babu musu, tsarin Ingila ya fi tsafta a nan.

Sai dai mu Hausawa ya kamata mu fi kowa sanin cewa wannan ba ya hana fahimta. Muna da mita ta awon shadda. Muna da mita ta wuta, wadda ake sa wa kati. Muna kuma da mita ta uwargida, wadda take farawa in an manta cefane. Rubutunsu ɗaya sak. Ka taɓa jin wanda aka ce wa "mitarka ta ƙare" ya nufi shagon tela? Ko wanda aka ce "ta cika mita" ya ɗauko tef ɗin awo? Zance shi ke fayyace kansa. In mu mun iya da uku, Amurkawa za su iya da biyu.

"In aka saki ƙananan abubuwa, manya ma za su lalace"

Malamai da yawa nan suke fakewa: tarbiyyar rubutu ce, yaro ya saba da kula. Na yarda yaro ya saba da kula. Tambayata, kula da me?

Fita ka zaga gari. A allon gidan mai za ka ga *Ltr* ko *Ltrs*, alhali alamar lita *L* ce ko ƙaramin *l*, an amince da duka biyun tun 1979 don kada a rikita ƙaramin da lamba 1. A jikin buhun shinkafa za ka ga *50KGS*. A allon hanya za ka ga *KM*. Alamar awo ba ta ɗaukar jam'i, ba a sa mata ɗigo, ba a sauya mata girman harafi don ado. Babban *K* na kelbin ne, awon zafi.

Wani zai ce ai kowa ya gane abin da mai shinkafa ke nufi. Haka ne. Amma hannun da ya saba wasa da girman harafi a buhu, shi ne zai je asibiti ko tashar lantarki gobe. Tsakanin *mW* da *MW*, awon ƙarfin wutar lantarki, akwai ninki biliyan ɗaya: na farko da ƙyar zai kunna 'yar fitilar caja, na biyu unguwa yake haskawa. Tsakanin miligiram da maikurogiram akwai ninki dubu, kuma a takardar magani harafi ɗaya ne ya raba su. Nan ne kula take da rana.

Akwai ma wuri guda da bambancin rubutun Turancin yake taɓa aljihu kai tsaye, amma ban taɓa jin an tsaya a kansa a aji ba. *Tonne* kilo 1,000 ne. *Ton* a Amurka laba 2,000 ce, wajen kilo 907. Tsohon *ton* na Ingila laba 2,240 ce, wajen kilo 1,016. Mu duka "tan" muke cewa. Ka ɗauka ɗan kasuwa a Dawanau ya ƙulla cinikin riɗi tan 30 da wani kamfani a ƙetare, shi yana nufin na kilo dubu, takarda kuma ta ce *ton* na Amurka. Bambancin ya kusa kilo 2,800, buhu 28 ke nan mai cin kilo ɗari. Haruffa biyu a ƙarshen kalma suka ci wannan. Shi ya sa Amurkawa suke cewa *metric ton*, don kunne ba ya raba *ton* da *tonne*.

Galan ma haka. Na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka lita 3.79, na 'yan bumburutu a bakin titi kuwa lita 4 ake ƙiyasta shi, in Allah ya haɗa ka da mai tsoronsa. Rubutun kalmar ɗaya ne a Landan da Washinton, abin da ke cikin gwangwanin ne ya sha bamban.

Wani abokina ya sayi mota 'yar Amurka, yana ta murna wai dubu ɗari kacal ta ci. Sai da makanikensa ya leƙa agogon ya ce masa, "Alhaji, wannan fa da mil take ƙirga." Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai. Motar ta haura kilomita 160,000. Kuma duk lokacin da allura ta hau 80 yana ganin a hankali yake tafiya, kusan 130 yake zubawa a hanyar Kaduna.

A Kantin Kwari kuwa mata sun riga mu gane karatun. Yadi santimita 91.44 ne, an tsayar da shi haka tun 1959. Yadi biyar ya gaza mita biyar da kusan santimita 43, abin da zai iya hana tela fitar da hannun riga. Babu mai sayen shadda da ta taɓa tambayar yadda ake rubuta mita. Tambayarta ɗaya: "Da yadi ka auna ko da mita?"

Sai waƙafi da ɗigo. A Kano 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A Maraɗi, inda boko ya zo ta hanyar Faransanci, 1,500 ɗaya da rabi ne. Babban taron awo na duniya a 2003 ya amince da duka biyun a matsayin alamar ɓangaren lamba, ya kuma ce in za a raba dubbai a bar ɗan fili, kada a sa waƙafi ko ɗigo. Kullum manyan motoci suna ratsa Jibiya da takardun kaya a hannun direba. Wane malami ne ya taɓa ware darasi guda don wannan?

Inda aka yi asara ta gaske

A watan Satumba 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbon da ta aika ya zagaya duniyar Mas. Kamfanin da ya ƙera shi yana fitar da lissafin ƙarfin turi da tsohon awon laba, masu tuƙa shi kuma suna karanta lambobin a matsayin na tsarin mita. Kowace lamba ta kauce da ninki kusan huɗu da rabi. Kumbo ya yi ƙasa fiye da kima, aka neme shi aka rasa. Duka ɓangarorin biyu Amurkawa ne, duka *meter* suke rubutawa. Daidaituwar haruffa ba ta cece su ba.

A watan Yuli 1983 wani jirgin saman Kanada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal zai je Edmonton, mai ya ƙare masa a sama. Ƙasar tana tsakiyar komawa tsarin mita, jirgin sabo ne mai lissafi da kilo, masu awon mai suka yi aiki da lambar laba. Abin da ke tanki bai kai rabin abin da suke zato ba. Matuƙin ya lallaɓa shi babu inji har ya sauka a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, babu wanda ya mutu. Kanada kuwa *litre* take rubutawa, irin na Ingila.

"To me zai hana a haɗa kai a zaɓi ɗaya?"

An taɓa gwada irin haka a fannin sinadarai. Ƙungiyar masana fannin ta duniya, IUPAC, ta yi raba-daidai: ta ɗauki *aluminium* da *caesium* irin na Ingila, ta ɗauki *sulfur* irin na Amurka. Littattafan makarantar Birtaniya sun koma *sulfur* da F. Amurkawa kuwa har gobe *aluminum* suke cewa. Harshe ba ya jin umarnin kwamiti sai in ya ga dama.

Mu ma ba mu tsira ba. A Najeriya muna rubuta 'ya'ya da 'yanci, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴaƴa da ƴanci. Hausa ɗaya, hannu biyu. Zan so in ga malamin da zai tsaya a Damagaram ya ce wa ɗalibi bai iya Hausa ba saboda ya sa wa Y ƙugiya.

Abin da nake roƙon malamai ba shi da wuya. A farkon zango a gaya wa yara cewa a wannan ajin rubutun Ingila za mu bi, ga dalili, ga kuma yadda Amurkawa ke rubuta nasu don kada ku gan shi ku rikice. Minti biyar ya isa. Wanda ya gauraya biyun a takarda ɗaya a ja masa kunne, musamman a darasin Turanci, inda rubutun kalma shi ne abin gwaji. A darasin Fiziks kuwa, in lissafi ya yi daidai, awo ya yi daidai, a bar wa yaro makinsa.

Na so in je makarantar ranar Litinin. Ƙanwata ta ce, "Yaya, don girman Allah ka bari. Kai ka yi maganarka ka tafi, ita ce za ta zauna da shi shekara uku." Na ga tana da gaskiya.

Sai na karɓi wayar yarinyar na sauya mata harshen rubutu zuwa Turancin Birtaniya, na ce daga yau a aji ta riƙa sa R kafin E, ba don na baya laifi ba ne, don a zauna lafiya. Na kuma nuna mata yadda ake rubuta amsar: 15 m/s, ƙananan baƙaƙe, da ɗan fili tsakanin lamba da alama.

Ta kalli nawa, ta kalli na malam, ta sake kallon nawa.

"Kawu, to shi maki nawa za a cire masa?"

Uwarta ta ce, "Ke, tashi ki ɗora wa kawunki shayi."